Maɓalli a Tsayin Ƙugu

A Da Lat, inda gajimare ke sauka ya kwana cikin kwari,
babana Dien na da rumfar leda uku, latas da furen sayarwa.
Ni na haɗa masa ɗan allon da ke ba su ruwa,
bai fi kwalin ashana ba.
Na rufe shi a gwangwanin biskit, na rataye can ƙololuwar ginshiƙi
don kada danshi ya ci shi.
Wayona ke nan, wayon da ya haifi tsani.

Allon nan yana da hali.
Sai ya yi kwana tara lafiya lau,
ran na goma ya tsaya cak,
koriyar fitilarsa ta ƙafe kamar idon kifi a faranti,
famfo tsit, latas ya sunkuyar da kai.
Maganin ɗan maɓalli ne kamar ƙwayar shinkafa
a jikin allon, cikin gwangwani,
taki goma sha ɗaya daga ƙasa.

Bai gaya mini ba.
Maƙwabciyarmu Nhan ce ta kira ni ina Saigon:
"Khuyen, tsani ya zame da tsohonki ran Talata.
Yana ɗingishi, wai sanyi ne."

Na hau motar dare, jakata cike da waya.

Da safe na sauko da gwangwanin.
Ga ƙafar da ke tada allon daga suma,
siririya, ta uku daga gefe.
Muddin wuta na riƙe da ita, aiki yake.
Ka taɓa ta da layin ƙasa ko na ƙiftawar ido,
ya saki duk abin da ke hannunsa, ya koma farko.
Na ɗaure ta da rezisto ga layin wuta,
na narka dalma, hayaƙin ya shiga mini ido,
na ja waya biyu, baƙa da ruwan ɗorawa,
suka gangaro ginshiƙi
zuwa jan maɓalli mai faɗin murfin kwalba.
Na ce, "Baba, tsaya nan."
Na auna ƙugunsa, na kafa ƙusa.

Daren nan ban yi barci ba.
Duk sa'ad da famfo ya yi gurnani zai tashi,
sai allon ya firgita, ya koma farko da kansa,
ba wanda ya taɓa shi.
Ashe doguwar waya doguwar kunne ce,
tana kwasar gulmar injin tana kai wa allon.
Da tocila a baki na murɗe wayoyin biyu kamar igiya,
na liƙa ɗan kafasita kusa da ƙafar
ya riƙa shanye hayaniya.
Ƙarfe huɗu famfo ya tashi, ruwa ya zubo,
fitila ba ta ko motsa ba.

Ya zo da kofi biyu, ya daɗe yana kallon jan abin.
"In na danna, zai manta komai?"
"Ba ya mantuwa. Layin farko yake komawa,
ya sake karanto abin da na rubuta masa."
"To me ke tsayar da shi?"
Na hura kofina.
"Kuskurena ne, yana nan wani wuri cikin rubutun.
Ban gano shi ba tukuna."
Ya gyaɗa kai, kamar an ce masa gobe da ruwa.

Ya sa babban yatsa, mai ƙasa a ƙarƙashin farce.
Ƙyat.
Duhu, sannan ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf,
ruwa ya fara ɗiga kan latas.

Da zan tafi na ga tsanin kwance kan duro biyu.
Ya riga ya shanya albasa a kai.